Gadon Amarya da Kujerar Kaka: Nazari kan Kayan Ɗaki a Ƙasar Dawakin Tofa

Da zarar an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, hanyar da ta taso daga Kano ta Rijiyar Lemo ta bi Dawanau sai ta soma ɗaukar wani kaya ban da buhunan hatsi. A-kori-kura za ka gani tana rangaji, an ɗaure mata allon kan gado a tsaye da igiya, ruwan gwal ɗinsa yana walƙiya a rana, ga sif a kwance, ga katifa cikin leda, ga wani yaro can bisa kaya ya rungume madubi kamar jariri. In ta saki kwalta ta shiga burji, ta ratsa tsakanin gonaki da inuwar ɗorawa, ko ba a faɗa maka ba ka san wata yarinya za ta tare a satin nan.

In ka ɗebe gona da shanun huɗa, da wuya a sami abin da manomin ƙasar Dawakin Tofa yake zuba wa kuɗi a dunƙule kamar kayan ɗakin 'yarsa. Wani ya sayar da amfanin shekara, wani ya kai tumaki kasuwa, wani har ya jinginar da gona, uwa kuma ta kwashe adashinta ta ƙara. Duk da haka, cikin dukiyar gidan babu abin da ya fi wannan kaya saurin mutuwa. Abin da ya daɗe yana damuna ke nan, domin ba haka al'adar ta faro ba.

Harshen kansa ya ajiye mana tarihin. Gado, kujera, turmi, taɓarya, akushi, muciya, ludayi: kalmomi ne da suka tsufa a bakinmu. Tebur, benci, kabad, durowa, kushin, har da sunan kafinta kansa, duk baƙi ne da suka shigo tare da Turawa. Ashe sana'o'i biyu muke da su a kan itace, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Masassaƙi yana ɗaukar gungume guda ya rage shi da gatari da gizago har abin da yake nema ya fito daga ciki. Ba ya haɗa komai, saboda haka babu inda zai rabu. Kafinta kuwa da yankakken katako yake aiki, ya auna, ya yanka da zarto, ya haɗa. Ƙarfin aikinsa duk yana wurin haɗin, rauninsa ma can yake.

A gidanmu akwai wata kujera 'yar tsugunno ta kakata, wadda aka kawo ta da ita ranar tarewa. Tsayinta bai wuce taƙi guda da 'yan yatsu ba. Daga gungume ɗaya aka fitar da ita, ƙafafu huɗu da mazauni, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. An bi gefenta da ƙarfe mai zafi an yi mata zanen layuka masu gicciye, irin wanda ake yi wa akushi, amma a wurin da ake kama ta a ɗauka zanen ya shafe, hannu ya cinye shi. Mazaunin ya yi santsi, ya yi duhu, yana sheƙi irin wanda ba fenti ke kawo shi ba, sai zama da hayaƙin murhu da man gyaɗa na shekaru. An yi tuƙin tuwo a kanta, an yi kitso, an yi wankan jego, yara sun kifa ta sun mai da ita mota. Ƙafa ɗaya ta tsage a wani hunturu tun kafin a haife ni, tsagar ta tsaya inda ta tsaya, har yau ba ta ƙaru ba. Da ita nake auna duk wani aikin itace da na gani.

Sai dai kada a ɗauka ɗakin kakannin namu cike yake da itace. Ba haka ba ne. Gadonsu na kara ne, ko na ƙasa da ake ginawa a jikin bango, wani da rami a ƙarƙashi don a hura wuta lokacin sanyi ko lokacin jego. Tufafi suna cikin adudu. Adon ɗakin da darajarsa suna wurin jere: ƙore masu zane, faya-fayai masu launi, tukwane, wanda kuwa ƙasar Dawaki ba baƙuwa ba ce wajen ginin su, sai tasoshin tagulla ga mai hali. Daga baya kwanukan langa da samira da fanteka da tangaram suka karɓe bango, a jera su bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi. Jeren nan ado ne, amma kuma asusu ne. Na matar ne ita kaɗai, miji ba shi da iko da ko murfi. In rashin lafiya ta zo, ko bikin 'yar'uwa, ko tana son jarin ƙuli-ƙuli, sai ta zare kwano biyu ta ba dillaliya. In aure ya mutu, ta kwashe abinta. In 'yarta ta isa aure, ta rage daga nata ta ƙara mata. Dukiya ce mai rarrabuwa, mai jure ajiya, mai wucewa daga uwa zuwa 'ya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya sauƙaƙa hauro da yankakken katako daga dazuzzukan kudu, irin su loko da sauran manyan itatuwan da ƙasarmu ba ta da su. Amma katako bai shiga ɗakin amaryar ƙauye da wuri ba. Ƙarfe ne ya riga shi: gado mai rumfa, da gadon bono, wanda sunansa ya samo asali daga kamfanin Vono. Sannan kabad mai gilashi ta zo, aka kwashe jeren daga bango aka zuba a ciki. Sai zamanin fomeka, sai kujerun kushin. Yau kuma saiti ake cewa: gado da durowar gefe biyu, sif, madubi, kujeru, duk launi ɗaya. A hankali dukiyar mace ta tashi daga cikin kwanukan ta koma jikin akwatin da aka yi don ajiye su. Nan ne lissafin ya sauya, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar sauya shi ba.

Don a ga abin da katako zai iya zama in an ba shi haƙƙinsa, yana da kyau a leƙa Amurka, inda tsohon kayan ɗaki ya zama fannin ilimi da kasuwa mai zaman kanta. A garin Newport na jihar Rhode Island, a ƙarni na 18, akwai zuriya biyu ta kafintoci da suka haɗu ta hanyar auratayya, Townsend da Goddard. Daga hannunsu ake jin wani dogon teburin rubutu mai haɗe da kabad ɗin littattafai ya fito, wanda aka yi wa attajiri Nicholas Brown na Providence a shekarun 1760. Tsayinsa ya haura ƙafa tara, na mahogani ne, an sassaƙa siffar ƙwanson teku a fuskarsa. Ya zauna a hannun iyalin fiye da shekara 200. A 1989 aka yi gwanjonsa a kamfanin Christie's a New York, aka saye shi dala miliyan 12.1, aka yi amfani da kuɗin wajen gyara tsohon gidan zuriyar. Gidan tarihi na Metropolitan ya buɗe sashen kayan Amurka tun 1924, gidan Winterthur na jihar Delaware ya buɗe ƙofarsa ga jama'a a 1951. A irin waɗannan wurare masana kan zare durowa su kifa ta, su dubi yadda aka yanka bakin katako haƙora-haƙora aka sarƙe su da juna, daga nan su gane garin da aka yi ta, wani lokaci har da hannun da ya yi.

Ba na kallon wannan kaya da sha'awa zalla. Mahoganin da aka yi su da shi, bayi 'yan Afirka ne suka sare mafi yawansa a Jamaika da gaɓar Honduras. Gidan Brown ɗin nan da kansa ya tura jirgi mai suna Sally zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a 1764 don sayen bayi, fiye da rabin mutanen da aka ɗora masa suka mutu. Kuma abin da ya rayu har ya shiga gidan tarihi kayan masu kuɗi ne; na talakan Amurka ya karye an hura wuta da shi kamar na kowa. Abin da nake ɗauka daga wurinsu shi ne: an busar da katakon sosai kafin a taɓa shi, an haɗa shi ta yadda zai numfasa da rani da damina ba tare da ya rabu ba, adon kuma daga cikin ƙashin aikin ya tsiro.

Wanda ya fi kusa da abin da ke kan a-kori-kurar nan shi ne John Henry Belter, Bajamushen da ya yi sana'a a New York har ya rasu a 1863. Kujerunsa da gadajensa cike suke da furanni da ganyaye da 'ya'yan inabi, har sai ka rasa inda za ka ɗora ido. Dabararsa ita ce ya yanka katako mai daraja falle-falle, ya liƙa su bisa juna da gam, kowane falle jijiyarsa ta gicciya ta na ƙarƙashinsa, ya lanƙwasa su da tururi, sannan ya huda ya sassaƙa. Wato shi ma da gam da falle ya yi aiki, kuma kayansa suna nan fiye da shekara 160 bayan mutuwarsa. Saboda haka laifin ba na gam ba ne, ba kuma na yawan ado ba. Salon furannin nan daga fadar sarakunan Faransa na ƙarni na 18 ya taso. Reshe ɗaya ya haye teku ya faɗa hannun su Belter. Wani reshen ya bi ta Italiya da Masar, inda garin Dumyaɗ ya shahara da kafintoci, ya bi ta Turkiyya da Dubai da Sin, ya sauka a shagunan Kano, daga nan ya shiga wayar kafinta a matsayin hoto. Gadon da amaryar Dawakin Tofa take kira royal jikan wancan gidan ne.

Na taɓa wuni a shagon wani kafinta a bakin hanyar Katsina ina kallon yadda ake haifar irin wannan gado. Ƙashinsa 'yan sandunan farin katako ne marasa nauyi, waɗanda in ka danna farce sai ya shiga, kuma da ɗanyensu aka kawo su daga 'Yan Katako. A kansu aka shimfiɗa allon nan na garin itace da aka matse da gam, wanda suke kira MDF. Babu rami da harshe a wurin haɗi, ƙusa ce da gam, sai bindigar ƙusa tana ta tas-tas. Furannin kuwa a buhu suka zo, na roba, an zuba su a ma'auni ɗaya dubu-dubu. Wani yaro ya shafa musu gam ya manna, ya cike gefen da hoda, ya goge, aka fesa fari, aka bi kan furen da ruwan gwal, aka ja kyalle mai laushi a tsakiya aka dasa masa maɓallai masu ƙyalli. Kafin la'asar abin ya zama gadon da in ka gan shi a hoto za ka rantse daga fada aka fito da shi. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Na tambaye shi ko zai iya yin irinsa da katako na gaske. Bai ce komai ba, ya shiga ciki ya jawo wata 'yar durowa da ya yi wa kansa tun yana yaron shago, ya zare ta ya miƙo mini. Haƙoran haɗin sun zauna daram, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya ce, "Malam, aikin muna da shi a hannu. Amma wa zai biya? Uba zai zo mini saura sati uku biki, da kuɗin da bai kai ba, da hoto a waya, ya ce irin wannan yarinya take so. Iya kuɗinka, iya shagalinka."

Maganarsa ta fi duk wani sharhi da zan yi, kuma ita ta hana ni ɗora wa kafintoci laifi. Tsarin cinikin ne ya karkace. Mai biya daban, uba ne, wanda burinsa ya fita kunya. Mai amfani daban, yarinya ce da ba ta taɓa sayen katako ba. Masu yanke hukunci kuma daban, su ne 'yan jere da 'yan ganin ɗaki, gwaggo da inna da ƙawaye da dangin miji, waɗanda za su shigo su ƙare wa ɗakin kallo cikin kwana biyu ko uku su tafi da labari. Babu wadda za ta leƙa bayan sif, babu wadda za ta ɗaga katifa ta ƙwanƙwasa ƙashin gadon. Duk abin da ido ba ya kaiwa, can ake rage kuɗi. Kafinta kuma ba ya sa sunansa a jikin aiki, don haka nagari da na banza ba su da bambanci bayan mota ta tashi. A da masassaƙin ƙauye yana zaune tare da masu amfani da turminsa. In ya tsage a wata uku, a masallaci za a tare shi.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a daina ado, a koma tabarma da katifa, wai duk almubazzaranci ne. Ban yarda da su ba. Macen da take zaman aure a cikin gida, ɗakin nan ne duniyarta, nan take karɓar baƙi, nan take sana'arta, nan ake gane cewa tana da gata kuma ba daga sama ta faɗo ba. Son ado a ɗakin mace ya girmi kafinta, ya girmi langa, yana nan tun zamanin ƙwarya da faifai. Mutanen da suka yi wa bangon soro zane, suka yi wa riga aska takwas, suka yi wa sirdin doki kwalliya, ba za a ce musu fure a kan gado baƙon abu ne ba. Ƙorafina shi ne an bar wa mace adon, an zare mata asusun da ke cikinsa.

Na ga haka a kan 'yar yayana. Daminar farko bayan tarewarta, rufin ɗakin ya yi yoyo ta kusurwa ɗaya, ruwa ya kwanta a ƙasa dare guda. Ƙafar sif ta sha, ta kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatar fentin ta ɗaɗe. Da hunturu ya zo, ɗanyen katakon ciki ya bushe ya janye, ƙofa ta daina rufuwa, furen kan gado guda biyu suka faɗo. Shekara ta uku, da ta so ta sayar ta ja jarin ɗinki, dillaliya ta zo ta duba, ta ce gadon dai za ta karɓa a wulaƙance, sif kuwa ko an ɗaga ta ba za ta kai bakin ƙofa a haɗe ba. Mahaifinta bai gama farfaɗowa daga bashin kayan ba a lokacin. Kakarta da kwano goma za ta fita daga irin wannan matsi, ta kuma bar saura a bango. Amma ba a iya zare ƙofa ɗaya daga sif a kai kasuwa.

Nauyin ya kai har gwamnati ta shigo ciki. Tun 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta soma aurar da zawarawa a taro, a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da amarensu, kuma cikin abin da ake bayarwa har da gado da katifa. Wannan shaida ce cewa kayan ɗaki sun zama shingen da ke tsare aure. Kuma ciniki ne babba da ke shiga hannun kafintoci a lokaci guda. Da masu bayar da irin wannan aiki za su sa sharaɗin busasshen katako da haɗi na gaske, su ce kowane shago ya buga sunansa da shekara a bayan gadon, da an sami mai saye guda ɗaya a jihar nan wanda yake leƙa bayan sif.

Sai maganar itacen kansa, wadda ta fi ba ni takaici. Maɗacin da ke tsaye a gonakinmu, wanda muke saran ɓawonsa don maganin ciki, ɗan'uwan mahoganin nan ne na teburin Brown, dangi ɗaya suke, kuma a kasuwar duniya mahoganin Afirka ake kiransa. Madobiya kuwa, wadda ake samu a dazukan Taraba da Adamawa da Kogi, ta shiga cikin itatuwan da attajiran Sin ke so don kayan ɗaki irin na sarakunansu na da. An yi ta sare ta ana lodawa a kwantena ta Legas, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga farkon 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Gungumen ya tafi ya zama kayan gado a wata ƙasa, mu kuma aka sayar mana da garin itace a matse.

Ba cewa nake a faɗa wa bishiyoyin gona da gatari ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero kuma ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa manomanmu ba masu ƙarar da itace ba ne, masu renonsa ne: kowace ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tana da mai ita, an san amfaninta, ba a sare ta sai da dalili. Mutanen da suka iya wannan za su iya renon itacen katako. Ga darbejiya ma, wadda aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ta cika kowane ƙauye. Ita ma dangin maɗaci ce, katakonta ja-ja ne mai ƙarfi, gara ba ta cika son sa ba. Abin da take buƙata shi ne a yanka ta falanki, a jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a bar ta ta ga rani biyu.

Bara aka sare wata babbar darbejiya a ƙofar gidan maƙwabcinmu saboda saiwarta ta soma ɗaga katanga. Mutum biyu ba sa iya zagaye gindinta da hannu. Na tsaya ina kallon cikinta da injin ya buɗe, ja kamar an shafa lalle, jijiyar a miƙe, ko rami babu. Mai gidan yana da 'ya'ya mata uku da ba su kai aure ba, babbar ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Kafin azahar an daddatsa gungumen guntu-guntu, wata mota ta zo ta kwashe zuwa gidan burodi.